Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Hafsan Sojin Ruwa: jirgin da zai iya da Kwara a Kebbi

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma yi maka ta'aziyyar jami'anka da suka kwanta dama a bakin aiki. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Yelwan Yauri, tarihi na koyar har alli ya ƙare a hannuna. Mahaifina Basarke ne, da gora da filafili ya ciyar da mu. Ban taɓa sa kaki ba, teku ma sau ɗaya na gan ta, daga nesa, a Legas. Na san za a ce karambani ne ɗan masunci ya yi wa mai taurari a kafaɗa maganar jirgin yaƙi. Na yarda. Amma ruwan da zan yi magana a kansa a cikinsa aka yi min wankan jego, kuma jiragen da zan ambata na shekara ina bin labarinsu a littattafai.

A majalisarmu ta bakin kasuwa, duk ranar da wani abu ya faru a kan ruwa sai wani ya ce, ai da akwai jiragen soja a nan da ba haka ba. Mun faɗi haka ranar 26 ga Mayu, 2021, da jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja zuwa Warra ya nutse da mutum sama da 150, aka tsamo kusan 20 kawai da rai. Makonni uku bayan nan, ranar 17 ga Yuni, aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, muka sake faɗa. Kogin Neja, wanda mu nan muke kira Kwara, yana shigowa ƙasar nan ta wajen Dole Kaina da Lolo, inda muka yi iyaka da Nijar da Benin, ya ratsa Bagudo, Koko/Besse, Shanga, Yauri da Ngaski, ya faɗa tafkin Kainji. Doguwar hanya ce buɗaɗɗiya, dare da rana, ga mai albasa da mai shinkafa, ga kuma mai ɗauke da abin da ba ya son a gani. Saboda haka ina tare da 'yan majalisarmu, muna son ku zo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsoron irin jirgin da za ku zo da shi.

Ka yi haƙuri in koma baya kaɗan, halin malamin tarihi ne.

A 1866 wani injiniya ɗan Ingila, Robert Whitehead, da ke aiki a garin Fiume a bakin tekun Adiriyatik, ya ƙera tofido, wato dogon bam mai kama da gungumen icce, da injinsa da farfelarsa, wanda ake sakawa a ruwa ya yi ta gudu a ƙasa har ya daki cikin jirgi a inda ruwa zai shiga. Kafin wannan, girma shi ne ƙarfi a teku, mai manyan bindigogi shi ke da magana. Da tofido ya fito sai lissafi ya rikice, domin ɗan ƙaramin jirgi mai gudu yana iya laɓaɓowa cikin duhu ya saki ɗaya ya juya. Har sai da manyan ƙasashe suka ƙera wani jirgi na musamman don farautar waɗannan ƙanana, shi ne asalin wanda kuke kira distiroya yau. Wanda ya fi nuna wa duniya abin shi ne wani hafsan Italiya, Luigi Rizzo. Da asubar 10 ga Yuni, 1918, yana tafe da ƙananan jirage biyu irin waɗanda suke kira MAS, kowanne bai fi babban jirgin kasuwarmu tsawo ba, ya ci karo da ayarin jiragen daular Ostiriya da Hangari kusa da tsibirin Premuda. Ya kutsa tsakiyarsu, ya saki tofido biyu a kan Szent István, jirgin da nauyinsa ya kai tan 20,000. Cikin 'yan awoyi ya kife. Har yau ranar 10 ga Yuni ce ranar sojin ruwan Italiya. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Wannan shi ne labarin da kowa ke so, kuma shi ne ke ruɗin masu sayen kaya. Ni wanda ya fi tsaya min a rai daban ne.

A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta yi aiki da irin waɗannan jirage sama da 500, ana kiransu PT, ana yi musu laƙabi da rundunar sauro. Na katako ne, tsawon ƙafa 80 ko ƙasa kaɗan, injin Packard uku a ciki, suna gudun da ya haura kilomita 70 a awa, da tofido huɗu da mutum goma sha wani abu. A daren 1 ga Agusta, 1943, aka tura guda 15 su tare jiragen Japan a wata mashiga a tsibiran Solomon. Suka harba tofido wajen 30, ko ɗaya bai samu ba. 'Yan kaɗan da ke da na'urar hangen jirgi a duhu suka gama harbi suka koma gida, suka bar sauran suna lalube. Cikin waɗanda aka bari akwai mai lamba 109, matuƙinsa wani saurayi ne mai suna John Kennedy. Yana tafiya a hankali da inji ɗaya don kada a hango kumfar bayansa, sai wani distiroyan Japan mai suna Amagiri ya fito daga duhu ya bi ta kansa ya raba jirgin biyu. Fetur ya kama da wuta a kan ruwa. Mutum biyu suka mutu nan take, sauran 11 suka yi iyo na awoyi zuwa wani ɗan gungu, wato tsibiri, da ba kowa, Kennedy na jan wanda ya ƙone da igiyar rigar ruwansa a haƙori.

To, wa ya cece su? Rundunarsu ta riga ta fitar da rai. Wasu samari biyu 'yan tsibirin, Biuku Gasa da Eroni Kumana, su suka same su, a cikin kwale-kwalen da aka sassaƙa daga icce ɗaya, irin wanda kakana ya tuƙa. Babu takarda, sai Kennedy ya sassaƙa saƙo da wuƙa a bayan kwakwa, suka ɗauka suka yi ta tuƙi ta cikin ruwan da jiragen Japan ke sintiri har suka isar. Bayan kusan mako guda aka kwaso su. Da ya zama shugaban Amurka, wannan ɓawon kwakwa yana kan teburinsa.

Duk shekarar da na ba ɗalibai wannan labari sai wani ɗan Gungawa, mutanen tsibiran Kwara, ya yi dariya ya ce, Malam, ashe namu ne suka ceci shugaban Amurka. Ba ƙarya ya yi ba. Jirgi mai inji uku da tofido huɗu ya kasa, mai filafili ya iya, don shi ya san inda ruwan yake da inda ba ya nan. Da ɗan gari akan ci gari, ranka ya daɗe, ruwa ma haka yake.

Akwai ci gaban labarin da ba a cika faɗa ba, kuma ya fi shafarmu. Da yaƙi ya yi nisa a tsibiran nan, Japan ta koma jigilar sojoji da abinci da dare a cikin ƙananan kwale-kwalen inji masu shafaffen ciki, suna bin gefen gaɓa. Tofido ya zama kayan nauyi kawai, domin in an harba ta ƙarƙashinsu yake wucewa. Sai matuƙan PT suka fara sauke shi suna ɗora bindigogi. Jirgi na gaba da aka ba Kennedy, mai lamba 59, haka aka yi masa, aka cire masa tofido kakaf. Kuma aikin da aka fi tunawa da shi ba nutsar da wani ƙaton jirgi ba ne. A farkon Nuwamban 1943 ya je ya kwaso sojojin da aka ritsa da su a bakin wani kogi a tsibirin Choiseul, a hanyar dawowa mai ya ƙare masa, sai da wani ya jawo shi da igiya. Wato jirgin da aka ƙera don kashe giwa, da ya iso ruwa marar zurfi, sai ya koma mai gadin mashaya da ɗaukar waɗanda suka maƙale. Aikin da ke jiranku a Kebbi ke nan, ba ƙari ba ragi. Ba mai kawo mana hari da jirgin yaƙi. Wanda muke tsoro yana tsallakowa ne da babura a cikin kwale-kwalen da ya ƙwace a hannun mai shi, ko ya tsare mai jirgi da bindiga ya ce tuƙa.

Na san rundunarka ba baƙuwar jirage masu gudu ba ce. Tun da Masar ta nutsar da distiroyan Isra'ila mai suna Eilat a 1967 da makamai masu linzami daga ƙananan jirage, duniya ta juya daga tofido zuwa linzami, mu ma a farkon shekarun 1980 muka sayo irinsu daga Jamus da Faransa. Ɗaya daga cikin na Jamus ɗin sunan Hausa gare shi, NNS Damisa, kuma kamfanin Lürssen da ya ƙera shi shi ne ya ƙera wa Jamus jiragenta na tofido a zamanin yaƙi. Ina jin daɗin sunan, amma Damisa ɗan teku ne, tsawonsa ya kusa mita 60. A nan ko juyawa ba zai iya ba a wasu wuraren. Daga sansaninku na Lakwaja zuwa nan akwai madatsun ruwa biyu, Jebba da Kainji, don haka jirgin da ya dace da mu shi ne wanda tirela za ta iya ɗaukowa, a sauke shi a Yelwa yau, gobe in ta kama a ɗora shi a kai shi Lolo. Ba abin kunya ba ne, su ma PT a kan manyan jiragen kaya aka tsallaka da su teku.

Bari in gaya maka yadda ruwan namu yake, don taswira ba za ta gaya maka ba. Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya yi watanni a hanya, ya iso mana da sanyin hunturu, garai-garai. Tsakanin waɗannan, musamman ƙarshen bazara, ruwa kan ja baya har rairayi ya fito a inda bara jirgi ya wuce da buhu ɗari. Hanyar bana ba ita ce ta baɗi ba. Sannan tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, aka tashi dubban mutane, tsohuwar Bussa ma tana ƙasa. Itatuwan da aka bari a tsaye suna nan, kututturansu na jira a ƙarƙashin ruwa kamar masu, in ruwa ya ragu su ne ke fasa cikin jirgi. Ga duwatsu, waɗanda irinsu suka ci Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin nan, a Bussa a 1806, kwanaki kaɗan bayan ya wuce ta Yauri. Ga burgu da kainuwa da ke naɗe farfela. Ga taru da komar masunta a shimfiɗe, wanda in jirgi ya yanka ɗaya ya yanka abincin gida guda na shekara. Matuƙin da aka horar a Legas, komai ƙwarewarsa, in ya saki wuta a wannan ruwa da dare ba tare da ɗan wuri a gaban jirgi ba, ba sai ɗan bindiga ya wahalar da kansa ba.

Gudu ma kansa yana da nasa sharrin. Shekarun baya wani babban mutum ya zo buki da jirginsa mai tashi kamar tsuntsu, ya wuce kusa da kwale-kwalen da gwaggona ke ciki da albasarta. Bai taɓa su ba, bai ma san ya yi ba. Igiyar ruwan da ya bari ita ta cika kwale-kwalen. Allah ya sa kusa da gaɓa ne, mutane suka fita, albasa ta tafi. Jiragenmu na kasuwa ana loda su har ruwa ya rage taƙi ɗaya ya shiga, wannan laifinmu ne kuma muna faɗa da shi, amma haka za ku same mu. Duk wanda za a ba sitiyari a koya masa rage wuta in ya hango jirgin kasuwa, kafin a koya masa harbi.

Sai maganar da ba ta da daɗin ji a wajen bukin ƙaddamarwa, maganar mai da gyara. Mai doki ya san ba ranar saye ake shan wahala ba, dusa da harawa ne ke karya mutum. PT ɗaya yana ɗaukar galan 3,000 na man jirgin sama, in aka sake masa linzami cikin kamar awa shida ya shanye. Kowace tawaga sai da aka bi ta da sansani da makanikai da kafintoci. Jamusawa sun fi su dabara a nan, nasu dizal suke sha, ba ya kama wuta kamar fetur. Kuma da yaƙi ya ƙare a 1945, Amurka ta duba kuɗin riƙe su ta ga ba riba, ta tara sama da ɗari a gaɓar tsibirin Samar a Filifin, ta cire abin da za ta cire, ta cinna musu wuta. Ƙasar da ta ƙera su ke nan. Mu kuwa mun saba ganin kayan gwamnati da aka yanka wa ƙyalle da kiɗa da algaita, bayan damina biyu awaki na kwana a inuwarsu, saboda wani ɗan ƙarfe da sai an yi odarsa daga Turai. A bakin ruwan Yelwa akwai yaran da za su warware maka injin Yamaha su mayar da idonsu a rufe. Ku zo da injin da suka sani, ko ku koya musu wanda kuka zo da shi, a kuma rubuta kuɗin man shekara a takarda ɗaya da kuɗin jirgin. Tunda ma'aikatarku ta Legas ta ƙera NNS Andoni a 2012, ta ƙera NNS Karaduwa a 2016, ban ga abin da zai hana ta zana ɗan jirgi mai shafaffen ciki don Kwara ba, wanda ko ya hau rairayi mutum shida za su tura shi.

Ina roƙon kowane jirgi ya zo da abu biyu a cikinsa, bindiga da igiyar ceto. A ranar Warra, masunta da masu ninƙaya na garuruwan bakin ruwa ne suka yi ta nutso suna fito da gawarwaki kwana da kwanaki. Da akwai jirgi mai gudu a kusa, da rigunan ruwa da fitila mai ƙarfi da lambar waya ɗaya da kowane matuƙi ya haddace, Allah kaɗai ya san mutum nawa za su kwana a gida. A shekara, ina tabbatar maka, kiran ceto zai ninka kiran hari. Kuma sojan da ya tsamo ɗan wani daga ruwa ya samu abin da kuɗi ba sa saye. Gobe in baƙin fuska suka zo neman wanda zai tsallakar da su, uban yaron nan ne zai fara buga waya.

Akwai tsoron da mutanenmu ke faɗa a ɓoye, gara in faɗa maka a fili. Suna cewa kada a wayi gari shingen hanya ya sauko ruwa, a riƙa tsayar da mai kifi da mai gero ana neman na goro. In haka ta faru, ranka ya daɗe, an gama. Masunci zai gan ku ya kau da kai, ya ga ɓarawo ma ya kau da kai, ku zauna da jirginku kuna ihu bayan hari. Ba zargin kowa nake yi ba, tunda ba ku zo ba tukuna. Na faɗa ne don a sa doka tun jirgi bai taɓa ruwa ba, a kuma ba Sarakunan Ruwa da shugabannin masu jirage ƙofar da za su kai kuka ba tare da fargaba ba.

Kada kuma a ɗauka yaƙin ruwa baƙo ne a ƙasar nan. Tsofaffi na ba da labarin jirgin Kanta na Kabi mai matuƙa da yawa, kuma bukin Rigata da ake yi a Yauri tunawa ne da zamanin da Gungawa ke kare tsibiransu a cikin kwale-kwale. Jikokinsu na nan, da yawa sun gama sakandare suna zaune. Yaron da ya iya iyo kafin ya iya karatu, wanda ke duban launin ruwa ya gaya maka zurfinsa, me zai hana a buɗe masa ƙofa in ana ɗaukar kurata? Waɗanda shekarunsu suka wuce, a ɗauke su 'yan jagora da albashi da katin shaida, a kuma rufa musu asiri, domin wanda ya nuna hanya shi ake fara nema. Gasa da Kumana sun yi aikinsu ne a ƙarƙashin wani jami'in Ostireliya da ke ɓoye a tsibiran yana tattara labari, ba haka kawai suka faɗo daga sama ba. Tsari ne aka yi, aka amince da su tun kafin ranar buƙata.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. Kafin a sa hannu a kan kowace kwangila, ka turo hafsa ɗaya da injiniya ɗaya, ba jiniya, ba 'yan jarida. Su zo a ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya ja baya ya tona asirin abin da ke ƙasa. Za mu nema musu kwale-kwale da tsohon matuƙi, su tashi daga Yelwa da sassafe su gangara Warra, washegari su hau sama wajen Shanga. Su zo da littafin rubutu da hular rana. Gorar auna zurfi akwai ta mahaifina a soro, zan ba su aro.

Na gode da sauraro. Allah ya taya ka riƙo, ya tsare mutanenka a ruwa da tudu.

Naka,
Tsohon malamin tarihi, ɗan Sarkawa,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi